Ƙorafi Kan Hoton Baba Tsakuwa da Aka Yi Tallar Hannun Jari da Shi

Daga:
Malamar Lissafi, Sakatariyar Kwamitin Jin Daɗin Malamai,
Ɗakin Malamai,
Makarantar Sakandare ta Bayan Tasha.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Kare Masu Zuba Jari,
Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: AMFANI DA HOTON MALAMIN LABARIN ƘASA NA WANNAN MAKARANTA, BA DA IZININSA BA, WAJEN TALLAR HANNUN JARIN KAMFANIN WALƘIYA NA MA'ADINAI DA MAKAMASHI, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO MASA

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara wa Darakta lafiya, ya kuma ƙara masa haƙurin karanta dogayen takardu, domin tawa ba gajera ba ce. Na yi ƙoƙarin jera maganar daki-daki yadda nake jera wa 'yan aji lissafi a allo, don kada in ɓata wa ofishinka lokaci.

Ba don kaina na rubuta ba. Na rubuta ne a madadin abokin aikina, malamin labarin ƙasa, wanda yara suka laƙaba wa suna Baba Tsakuwa tun da daɗewa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Da farko ya ƙi a rubuta. Ya ce ba zai tayar wa manyan mutane hankali a kan duwatsun rafi ba. Sai da na yi ta bin sa, matarsa kuma ta sa baki, sannan ya yarda, bisa sharaɗin kada in zagi kowa. Zan cika masa wannan sharaɗi.

Tun da an ce mai kawo ƙorafi ya bayyana matsayinsa, ina shaida wa Darakta cewa ba ni da hannun jari ko ɗaya a kamfanin da ake magana. Maigidana yana da su. Wannan kuma magana ce ta cikin gida, muna kan yin ta.

Kafin in shiga ƙorafin, ya kamata Darakta ya san mutumin da yadda yake aikinsa, domin komai daga nan ya taso.

Baba Tsakuwa dattijo ne, ya haura shekara talatin yana koyarwa, kuma a ƙarshen watan Yulin bana ne zai yi ritaya. Teburinsa yana maƙwabtaka da nawa a ɗakin malamai. A kan keke yake zuwa aiki. Wayarsa irin mai maɓallan nan ce, an ɗaure bayanta da roba. Aljihun rigarsa kullum a yage yake, matarsa ta ce ta daina ɗinkewa tun da ta gane ba za a daina zuba masa duwatsu ba.

Tun kafin a haifi yawancin malaman da muke aiki da su yanzu, yana da wata ɗabi'a. Ranar Asabar yakan ɗaura buhu a bayan keke, ya ɗauki 'yar gudumarsa, ya tafi busasshen rafin da ke bayan gari. Idan ya tsinci dutse sai ya ƙwanƙwasa shi, ya fasa gefensa, ya lasa da harshe don launinsa ya fito, ya gyaɗa kai, ya jefa a buhu. Gyaɗa kan nan ba ya nufin komai. Ko albashi ne ya makara, gyaɗa kai yake yi. Idan ya koma gida sai ya wanke duwatsun, ya shanya su, ya rubuta wa kowanne lamba da farin fenti. Lambar nan ta yaro ce a rajistar aji: yaro na ɗaya a rajista ya karɓi dutse mai lamba ɗaya, har zuwa na ƙarshe. Yaro zai kai dutsensa gida, ya duba shi, ya rubuta launinsa da taurinsa da abin da yake zaton ya kawo shi rafin, bayan an duba aikin kuma dutsen ya zama nasa. Da wuya ka shiga gida a unguwannin nan ba ka tarar da dutsen Baba ba. A wasu gidajen da shi ake tokare ƙofa.

Shekarun baya kaɗan kamfanin Walƙiya ya zo ya kewaye wani fili a ɗaya gaɓar rafin da waya, ya kafa allon sunansa, ya jera faifan hasken rana, ya ce yana neman irin dutsen da ake yin batir da shi. Hannun jarinsa ba shi da tsada, duk mai waya a hannu zai iya saya. Ba ni da ƙorafi a kan wannan. Mutum ya nemi arzikinsa a ƙarƙashin ƙasa ba laifi ba ne. Ƙorafina shi ne kamar haka.

1. Ranar Asabar, 18 ga Janairu, Baba yana cikin rafi yana aikinsa, sai ga wakilin dillalan hannun jari, wanda ofishinsa yake saman kantin magani na titin tasha. Wannan matashi tsohon ɗalibinmu ne. Ni na koya masa lissafi, Baba ya koya masa labarin ƙasa, shi ya sa ya san inda ake samun Baba ranar Asabar. Ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce rana tana dukan Baba da yawa, ya matso inuwa. Inuwar kuwa ta allon kamfanin ce. Ya nemi izinin ɗaukar hoto, wai don tunawa da malaminsa. Baba ya ji daɗi har ya gyara hularsa. Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, hoton ya fito a zauren waya da wakilin ya buɗe wa masu sayen hannun jari: ga Baba da dutse a bakinsa, ga sunan kamfani a saman kansa, an rubuta a ƙasa, “Tsohon masanin duwatsu ba ya wuce mako bai ɗanɗana arzikin filin nan ba.” Kwana kaɗan bayan haka kamfanin da kansa ya ɗora hoton a shafinsa. Ina tabbatar wa Darakta cewa Baba bai taɓa tsallaka wayar filin ba. Duwatsun rafin ruwan sama ne yake gangaro da su daga tsaunukan nesa, ba na kamfani ba ne. Baba kuma malamin sakandare ne, bai taɓa ce wa kowa ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar wani ba. Bai ma san hoton ya fita ba sai da malamin tattalin arziki, wanda a da gaisuwa kawai ke haɗa su, ya taso da kansa ya kakkaɓe masa kujera.

2. Daga wannan rana farashin ya fara hawa, Baba kuma ya rasa sakewa. Mutane suka daina duban kamfanin, suka koma duban Baba. Maigadin makaranta ya kawo mana kuka cewa tun da safe ake kiran wayarsa ana tambaya ko Malam ya shigo da fara'a ko fuska a ɗaure. Mai faci na bakin hanya ya zama mai ba da rahoton nauyin buhu: idan tayar baya ta lotsa ranar Asabar, ranar Litinin a saya, idan keke ya wuce sakayau, a dakata. Ranar da Baba ya kamu da mura ya zo aiki da rawani a wuya, an ce wasu sun sayar. Matarsa ta ce matan da rabonta da su tun bikin 'yarta sun dawo zumunci, kowace ta zauna, ta yaba tsabtar tsakar gida, ta yaba jikoki, can ƙarshe ta rage murya ta tambaya ko Malam yana ambaton wani abu in yana cin abinci. Ta ce musu yana ambaton gishiri ya yi yawa. A lokacin duk dariya muke yi a ɗakin malamai, har da shi. Ya ce shekara talatin yana roƙon mutane su kalli dutse, ashe jira suke a ce kuɗi ne.

3. Wannan shi ne babban abin, ina roƙon Darakta ya dube shi da kyau. Ranar Alhamis, 27 ga Fabrairu, Baba ya raba wa 'yan aji biyu duwatsunsu kamar yadda ya saba kowace shekara. Yara suka kai gida. Iyayen da suke cikin zauren wayar suka ga dutse daga hannun masanin da ke cikin hoto, ga kuma lamba da farin fenti, sai suka ɗauka farashin da hannun jarin zai kai ne Malam yake aiko musu a ɓoye. A lokacin farashin yana wajen naira ashirin. Akwai wani tela, mutumin kirki, wanda 'yarsa ce ta sittin da ɗaya a rajista. Ya ga lambar, ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu, ya zuba kuɗin. Akwai kuma mahauci, wanda ɗansa ne na bakwai. Ya ga tasa, ya sayar da duk abin da ya saya kafin ya wanke hannu. Washegari su biyun suka haɗu a kasuwa, kowa da dutsensa a hannu, suka yi ta musu har mutane suka taru, kowa yana cewa nasa ne saƙon gaskiya, na ɗan'uwansa kuwa an rubuta ne don a ɓatar da 'yan baƙin ciki. Wani uba ma ya zo har ofishin shugaban makaranta, ya roƙa a mayar da ɗansa ƙarshen rajista, wai ya gaji da ƙananan lambobi.

Abin da ya sa na kira wannan babban abu shi ne, wakilin dillalan ya san ma'anar lambar. Shi ma ya taɓa karɓar dutse a ajin Baba. Yawancin iyayen nan ba a makarantarmu suka yi karatu ba, wasu ba su yi ba sam, ba za a zarge su ba. Da mutane suka fara ɗora hotunan duwatsu a zauren suna tambaya, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Maimakon haka sai ya rubuta, “Mai hankali ya san karanta lamba.” Wata tsohuwar ɗalibarmu ta yi bayani a zauren cewa lambar rajista ce kawai, kafin la'asar an cire ta. Na haɗa hoton waɗannan saƙonni da wannan takarda. Na ji an ce wakili yana samun ladansa ne a kan kowane saye da kowace sayarwa. Idan haka ne, to tela da mahauci duk sun amfane shi a rana ɗaya.

4. Baba bai zauna ya naɗe hannu ba. Ranar Asabar, 15 ga Maris, a taron iyaye da malamai, ya nemi izini ya miƙe. Ya yi bayani a hankali, yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya: cewa duwatsun na rafi ne, cewa lambar ta rajista ce, cewa shi bai san abin da ke cikin filin kamfani ba, kuma ba shi da ko hannun jari ɗaya. Har rajistar ya ɗaga ya nuna. Aka yi masa tafi sosai. Da aka fito na ji wasu iyaye a bakin ƙofa suna cewa tsohon nan akwai wayo, so yake a sayar ya saye da araha. Ranar Litinin farashin ya ƙara hawa.

Ranar Talata, 8 ga Afrilu, bayan an tashi daga makaranta, ya hau benen nan da gwiwarsa mai ciwo, ya je ofishin wakilin da kansa. Ya ce masa, a matsayin uba da ɗa, ya cire hoton, ya gaya wa mutane gaskiya. Wakilin ya ba shi kujera mai laushi, ya kawo masa ruwan sanyi, ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, an gama. Ya rako shi har ƙasa, ya riƙe masa keke ya hau. Kafin Baba ya isa gida sabon hoto ya fito, an ɗauke shi yana saukowa daga bene, an rubuta cewa masanin ya kawo wa ofishin ziyara ta musamman. Mun rubuta wa kamfanin takarda a wancan makon, da sa hannun shugaban makaranta. Amsar da ta zo ita ce kalanda da hular kwano mai sunan kamfani, da 'yar takardar godiya bisa goyon baya.

5. Ranar Talata, 22 ga Afrilu, kamfanin ya sanar cewa sakamakon gwajin da aka yi wa duwatsun filinsa bai kai yadda ake fata ba, ana buƙatar ƙarin lokaci da ƙarin haƙa. Ban ga laifinsu a nan ba, gara da suka faɗa. Farashin ya gangaro. Washegari da safe matar Baba ta buɗe ƙofa ta tarar da tulin duwatsu a bakin zaure, kowanne da lambarsa, an dawo da su. Ta ce da an gaya mata za a kawo, da ta nemi a haɗo da yashi ta gyara dakalinta. Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai kowanne, domin ya san su duka.

Telan ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe da Baba, ya ajiye dutsen a gabansa, ya zauna, ya ce shi ba faɗa ya zo ba, so yake kawai Malam ya gaya masa abin da ya yi masa. Baba ya sake yi masa bayanin da ya yi a taro, wannan karon telan ya saurara. Kashegari 'yar telan ta tsaya bayan darasi, ta tambaya ko za a iya mayar mata da dutsenta, domin ta riga ta yi aikinta a kansa kuma ta sami maki mai kyau. Baba ya ciro shi daga aljihu ya ba ta. Ina teburina ina duba takardu a lokacin, na daɗe a kan takarda ɗaya.

Sai kuma ƙaddara ta yi nata wasan. Farashin da ya gangaro bai tsaya ko'ina ba sai a wajen bakwai. Tun daga ranar mahauci bai rufe baki ba. Duk wanda ya zo sayen nama sai ya nuna masa dutsen, wanda yanzu ya rataye shi a saman teburinsa, ya ce shi dama ya san maganar Malam ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ya aiko wa Baba cinya guda, Baba ya mayar, ya sake aikowa da ƙari. Da nufin alheri yake yi, amma babu wanda ya yi wa Baba illa kamarsa, domin yanzu waɗanda suka yi asara sun daina cewa Baba ya yi kuskure, sun koma cewa ya san gaskiya, mahauci kaɗai ya gaya wa saboda nama.

6. A kan wannan ne wasu iyaye suka kai ƙara hukumar ilimi. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, aka kawo wa Baba takardar tuhuma. Ana zarginsa da cewa ya karɓi kuɗi daga kamfani ko daga dillalai, ya yi amfani da ajinsa da 'ya'yan mutane wajen tallar hannun jari. An kira shi gaban kwamitin ladabtarwa ranar Alhamis, 29 ga Mayu. Idan kwamitin ya same shi da laifi, kora ce za ta zo a madadin ritaya, da duk abin da kora ke tafiya da shi: fansho, da sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa. Shugaban makarantarmu yana ƙaunarsa, amma ya gaya mana gaskiya. Ya ce kwamiti ba ya karɓar rantsuwar abokan aiki, ga hotuna biyu a gabansu, ga shafin kamfani, takarda suke so daga hukumar da ke da ikon duba wa ya saya, wa ya sayar, wa aka biya. Wannan hukuma kuwa taku ce.

Tun da takardar nan ta zo Baba bai koma rafi ba. Yana zuwa aiki a kan lokaci, yana shiga ajinsa, yana gaishe da kowa. 'Yan aji ɗaya ba su sami duwatsu wannan zangon ba, a allo yake zana musu. Jiya matarsa ta zo gidana, ta ce ta ɗinke aljihun rigunan duka, tun ranar babu wanda ya sake yagewa, kuma ita ba ta ji daɗin hakan ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ofishin Darakta abubuwa kamar haka.

Na farko, a bincika ko sunan Baba yana cikin masu hannun jarin wannan kamfani, ko an taɓa biyansa wani abu daga kamfanin ko daga dillalan. Ya ba da izini a duba duk inda ake dubawa, cikakken sunansa da lambar aikinsa suna cikin takardar izinin da ya sa wa hannu. Abin da aka samu a rubuta shi, a aika wa kwamitin ladabtarwa na hukumar ilimi kafin ranar 29 ga Mayu. Wannan shi ne roƙon da ya fi kowanne. Idan lokaci bai ba da damar sauran ba, wannan kaɗai ya ishe mu.

Na biyu, a umarci kamfanin da wakilin su cire hotunan, su kuma rubuta gyara a daidai wuraren da suka sa su, da manyan baƙaƙe irin waɗanda suka yi tallar da su, cewa malamin ba masaninsu ba ne, bai taɓa shiga filinsu ba, lambobin duwatsu kuma na rajistar aji ne.

Na uku, game da wakilin. Dokar aikinku ku kuka san ta, ba zan koya muku ba. Amma Baba ya ce in rubuta, ni ma ra'ayina ke nan, cewa ba ma neman a rufe wa yaron nan hanyar abinci. Yana da iyali. A aji ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa, yakan rubuta amsa kafin ya gama karanta tambaya. A ja masa kunne yadda zai ji a jikinsa, a kuma duba ko akwai abin da doka ta tanada wa mutane irin telan nan, waɗanda suka yi tambaya a zauren aka bar su cikin duhu da gangan.

Na huɗu, idan hukumarku tana aika masu wayar da kan jama'a, muna gayyatarsu. Mutanenmu ba wawaye ba ne, sabon abu ne ya zo musu a waya ba tare da mai bayani ba. Ajina yana da benci isassu, ranar Asabar babu kowa a ciki, alli kuma ni zan kawo.

Na biyar, kuma ina roƙon kada a ɗauke shi wasa. Har yanzu ana kallon Baba. Makon jiya ya sa wa kekensa sabuwar taya, aka ce shirin komawa rafi yake, wasu suka sake saye. Saboda haka idan Darakta zai turo jami'i, don Allah kada ya zo da motar ofis mai tambari, kada ya tsaya a bakin ƙofar makaranta ya tambayi Baba, kada kuma ya yi musabaha da shi a inda mai faci zai gani. Ya shigo ta ƙaramar ƙofar da ke gefen filin wasa, ya ce wajen malamar lissafi ya zo a kan sakamakon ɗansa. Babu wanda ya taɓa sayen komai don an ga mutum ya zo wajena.

Ranka ya daɗe, na san teburinka cike yake da ƙorafin manyan kamfanoni da kuɗaɗe masu yawan sifili, namu kuwa na malami ɗaya ne da buhun duwatsu. Na karanta wa Baba wannan takarda kafin in rufe ta, na tambaye shi ko akwai abin da zan ƙara. Ya ce babu, sai dai in gaya wa Darakta shi ba ya neman diyya, ba ya neman a ba shi haƙuri. Yana so ne ranar ƙarshe ta watan Yuli ya tsaya a gaban yara da safe, a ce musu malaminsu ya gama aikinsa lafiya, ya hau kekensa ya tafi gida.

Na haɗa da wannan takarda kwafin hotunan biyu, da na saƙonnin zauren wayar, da takardarmu zuwa kamfani, da takardar tuhuma, da shafin rajistar aji biyu, da takardar izinin malamin. Kalandar da hular suna nan a ajiye idan ana buƙatarsu.

Allah ya ja zamanin Darakta, ya yi masa jagora a cikin aikinsa. Ina jiran amsa cikin kyakkyawan zato.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Malamar Lissafi,
Sakatariyar Kwamitin Jin Daɗin Malamai,
a madadin Malamin Labarin Ƙasa.